Shawara kan rediyon mota da CD

Jama'a don Allah ku daina murɗa rediyo kuna tuƙi, ku saita tashoshinku tun motar na tsaye, in ka kamo tashar sai ka danne lamba ɗaya cikin 1 zuwa 6 ka riƙe kamar sakan uku, shi kenan ta zauna. Abin da ya fi ɓata min rai masu zura wuƙa ko makulli in faifan CD ya maƙale, wallahi lalata injin ciki kake, ka danne maɓallin fitarwa ka riƙe, in ya ƙi kashe mota ka zare fiyus ɗin rediyon minti ɗaya ka mayar. Kuma kafin a cire batir nemi lambar sirrin rediyonka, wasu suna kullewa.