Bar, psi da kilo: inda muke kuskure wajen auna iskar taya

Jama'a abin nan ya daɗe yana damuna. Nan Tawa sai ka ga mutum ya tsaya wajen mai faci ya ce "sa mini kilo biyu da rabi", shi kuma yaron agogon awon iskar da ke hannunsa da wani ma'auni da ake ce ma psi yake ƙirga, da ya sha wuyar lissafin sai ya buga tayar da ƙarfe ya ce ta yi. Wallahi da irin wannan taya ake kama hanyar Yamai, fiye da kilomita 500, cikin zafin watan Afrilu.

Babban kuskuren shi ne mu riƙe lamba mu manta sunan ma'aunin da ke gefenta. Motocin Amurka da ake kawo muna ta Kotonu, in ka buɗe ƙofar direba akwai ƴar takarda manne a jikin ginshiƙi, za ka ga misali 32 psi ko 220 kPa, su kuma na Turai bar suke rubutawa, 2,2. Duk iska ɗaya ce fa! Bar 1 shi ne psi 14,5, shi ne kuma kPa 100. Kilon da muke faɗa bar 0,98 ne, wajen taya ka ɗauke su ɗaya ba laifi.

Sai masu juya lissafin, wajen da za a raba su ninka. Psi ƙaramin ma'auni ne, don haka lambarsa ta fi ta bar girma kullum. Daga psi zuwa bar rabawa ake da 14,5: 35 ya ba ka 2,4. Daga bar zuwa psi ka ninka, 2,5 ya zama kamar 36. In waya ta ce maka tayar ƙaramar mota na son bar 30, kai ma ka san an juya. Kuma a kula da waƙafi, mu da muka yi lakwal 2,2 muke rubutawa, kalkuletar wasu wayoyi ɗigo take so, in ba ta karɓi waƙafin ba 22 ke nan ka shigar ba ka sani ba.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne masu karanta lambar jikin taya, 44 psi ko 51, su ce ai kamfani ne ya rubuta. Waccan iyakar iskar da tayar za ta iya ɗauka ce, lambar takardar ƙofa ake bi. Kuma da sanyin safe ake awo kafin mota ta yi tafiya. In ka iso Ƙwanni ka ga iskar ta ƙaru da bar 0,3 don Allah kar ka sace iskar, zafin gudu ne, in ta huce za ta koma.

Har tansiyo ma haka ne. Wata innata ƴarta ta sayo mata na'urar awo, ta ga 130 da 80, hankalinta ya tashi, don a likita 13 da 8 aka saba gaya mata. Na ce mata Inna kwantar da hankalinki, na'urar da milimita take ƙirga, su ma'aikatan lafiya da santimita suke faɗi, ki cire sifilin ƙarshe kawai. Yanzu duka biyun take rubutawa cikin karnenta ta kai wa lokotoro.