Yadda Ake Saita Haske Da Hannu A Tsohuwar Kyamarar Fim

Loda fim dai ba sai na koya maka ba. Da ka saka shi ka duba lambar da ke jikin kwalin, 100 ko 200 ko 400, ka murza ASA, wato lambar ƙarfin kama hasken fim (ita ce ISO), zuwa wannan lambar ka bar shi a nan har fim ya ƙare. Ba dijital ba ce da za ka riƙa canza ISO, mita, wato ma'aunin hasken da ke cikin kyamarar, kawai kake faɗa wa irin fim ɗin da ke ciki.

Inda sabbin shiga ke shan ƙasa shi ne yarda da mita ido rufe. Ita fa ba ta san me kake ɗauka ba, duk abin da ta gani so take ya fito ruwan toka, toh sai mutum ya tsaya taga na bayansa ko sama ta yi fari fat, allurar mita ta zauna tsakiya, alamar haske ya yi daidai, yaro ya danna yana murna, a wanko fim a tarar da fuska baƙi ƙirin ko ido ba a gani. Matsa kusa har fuskar ta cika wajen leƙawa, ka saita f (faɗin ƙofar lens) da shata (tsawon lokacin da haske ke shiga) a nan har allura ta zauna tsakiya, sannan ka ja baya, kar ka sake taɓa komai ko da allura ta haye can sama. In kana kokwanto ƙara haske mataki ɗaya, daga f/8 zuwa f/5.6, don ƙaramar lamba ta fi buɗe ƙofar. Negatif, wato fim na gama-gari da ake buga hoto daga gare shi, yana jure haske mai yawa, ƙarancinsa ne ba ya yafewa, inuwa ta fito dishi-dishi ba gyara. Banda silaid, fim ɗin da ake haskawa a bango, shi akasin haka ne.

Kuma mitar ma ba lallai tana kan daidai ba, irin su Olympus OM-1 batirin makuri (mercury) mai volt 1.35 aka ƙera su da shi, ka sa na yanzu mai 1.5 sai ta fara sharara ƙarya. Gwada ta da ƙa'idar Sunny 16: rana tsaka ba gajimare, f/16, shata kusa da lambar fim, 1/125 ga mai 100, 1/500 ga mai 400. In awon mitar ya yi nisa da wannan rabu da ita, sauke manhajar awon haske a waya, ya fi maka sayen wata mita da tsada. A ƙa'idar dai, shata na nan yadda take, in hadari ne f/8, cikin inuwa f/5.6 ko f/4.

Shata kuwa ni da lens 50mm ba na sauka ƙasa da 1/60 a hannu, kai ma kar ka sauka. Abu mai gudu 1/500, ka buɗe f ɗin ya rama.