Notin rumfar jirgin faiba da ya kwance a lungun da hannu ba ya kaiwa

Jama'a masu jirgin ruwa na faiba a nan Yauri da su Warra, in kun fara jin ƙarfen rumfa yana kwaram-kwaram duk lokacin da jirgi ya hau igiyar ruwa, don Allah kar a bar shi sai gobe. Irin ƙarfen nan ne ake kafawa a jiragen wasa na Amurka da ake ɗaure igiya a samansa ana jan mutum a kan allo, nasu da namu ciwon ɗaya ne, bol ya ratsa jikin faiba, notinsa yana can ƙasa a cikin lungu.

Kuskuren da na yi a karon farko shi ne na sa alanki daga sama ina ta murzawa, bol yana juyawa amma ko kaɗan bai kama ba, ashe notin ƙasa tare suke tafiya, kuma murzawar nan ta fasa gam ɗin da ke hana ruwa shiga ramin. Saboda haka sai ka nemi mutum na biyu, shi ya riƙe kan bol daga sama kar ya motsa, kai kuma ka ɗaure daga ƙasa.

Kaiwa ga notin shi ne aikin. Ka kwashe kaya daga akwatin gefe ko ƙarƙashin kujera, in akwai sifika a wajen ka cire ta, ramin ta yakan ba hannu hanya. Kafin ka cusa hannu ka kunna tocilan ɗin waya ka zura ta ciki ka ɗauki bidiyo, nan za ka ga ko washa na nan, ko farantin ƙarfen da ke tallafe faiba ya lanƙwashe. Bol mai M8, wato mai kaurin milimita 8, sifana 13 yake ci, M10 kuma galibi 17. Ni soket nake sawa, sifanar nan mai rufe kan noti, da dogon hannunsa da ɗan gwiwar nan mai lanƙwasawa, in sabon noti zan sa sai na manna shi a bakin soket da salatif tare da washa, don wallahi in ya suɓuce ya gangara cikin ƙasan jirgi ka gama ganinsa, na rasa guda biyu a haka da rana tana dukan ƙeyata. In kai kaɗai ne, filaya mai kullewa za ka maƙala wa notin ta tokare da bango ka murza bol daga sama, amma ka sani gam ɗin sama zai buƙaci sabuntawa.

Tsohon notin kar ka mayar da shi. Sa mai roba a ciki wanda girgizar inji ba ta kwance shi, da washa mai faɗi, duk na silba marar tsatsa. In ba ka samu mai robar ba, ɗigo biyu na Loctite 243 shuɗi, gam ɗin da ke hana noti kwancewa, ya isa, ka ba shi awa 24 kafin ka shiga ruwa, Loctite ja kuwa sai da wuta yake kwancewa kuma wuta da faiba ba sa haɗa hanya.

A hankali za ka ɗaure, ƙarfen silba in aka murza shi da sauri yana ɗaukar zafi ya cije, daga nan ba gaba ba baya sai zarto. Da ka ji ya zauna ƙarfen ya daina rawa ka ɗan ƙara kaɗan ka tsaya, ƙarfi da yawa yana tsaga fatar faiba. Ka bi sauran notocin ƙafar rumfar su ma, ka kama rumfar ka jijjiga.

In kuwa ka ga tsage-tsage kamar yanar gizo-gizo a gindin ƙafar, ko wajen yana lotsawa in ka danna da yatsa, ruwa ya riga ya ci katakon da ke cikin faiba, ɗauri ba zai riƙe ba, sai a cire ƙafar mai gyaran faiba ya cike wajen ya sa faranti mai faɗi a ƙasa kafin ka sake ɗaukar fasinja ranar kasuwa.