Darasi na 9: Tuƙi cikin maye da haƙƙin direba a hannun hukuma

Duk mai bin hanyar Tawa zuwa Ƙwanni ya san shingen jandarma. Za a tambaye ka permi, kartigiris da asiransi. Takardu na iya cika, amma a riƙe ka saboda abin da ke cikin jininka. Dokar hanya ta Nijar ta hana tuƙi cikin maye, ko mota ce ko babur.

Idan aka ce maye, hankalin mutane giya yake zuwa. A tashoshinmu tramol ya fi ta ɓarna. Maganin ciwo ne mai ƙarfi, likita ne ya kamata ya rubuta shi. Ɗan kabu-kabu ko direban kamyo yakan sha don kada ya ji gajiya, alhali gajiyar tana nan, rufe ta kawai ƙwayar ta yi. Ido ya yi nauyi, ƙafa ta makara wajen taka birki. Wanda ya sha da yawa, jijjiga irin ta farfaɗiya na iya kama shi yana bisa hanya da fasinja a bayansa.

Gwajin giya da na'urar busawa ake yi. Giya na shiga jini, jini ya bi ta huhu, numfashi ya fito da alamarta. Goro, shayi mai ɗaci ko wanka da ruwan sanyi ba sa rage ta. Hanta ce ke tace ta, a hankali, don haka wanda ya sha da yawa da dare zai iya wayar gari tana jikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba ƙasashe shawara kada iyakar giya a jikin direba ta wuce giram 0.5 a litar jini. Na'urar busawa ba ta ganin tramol ko wiwi, waɗannan sai gwajin jini, fitsari ko miyau.

Idan an tsayar da kai, ka kashe mota, ka yi magana cikin ladabi. Kada ka gudu, kada ka miƙa kuɗin goro, wannan wani laifin ne dabam. In aka ci ka tara, ka nemi rasit. In ba ka yarda da sakamakon na'ura ba, ka faɗa a fili, ka roƙi a sake ko a gwada jini.

Idan abin ya kai ga komisariya, za a rubuta bayaninka cikin Faransanci a ce ka sa hannu. A nan ne mutanenmu suka fi cutuwa. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa bisa abin da ba ka fahimta ba. Ka ce a karanta maka, a fassara da Hausa, in akwai abin da ba ka faɗa ba ka nemi a gyara. Ba rashin kunya ba ne. Wannan takardar ce alƙali zai duba. Kana da damar neman lauya tun daga lokacin da aka kama ka. A laifuka na yau da kullum, tsarewar bincike awa 48 ce, sai da izinin mai gabatar da ƙara ake ƙarawa.

Aikin gida: ka ɗauko permi ɗinka ko na wani ɗan'uwa, ka nemo suna da lambar da ke jiki, ka kwafe su cikin littafinka, mu karanta tare a darasi na gaba.