Yadda Ƙungiya Za Ta Shirya Tafiya daga Damagaram zuwa Lambunan Furen Tulip

Furen tulip, wanda ke tsirowa daga ƙwaya mai kama da albasa, yana da ɗan lokacinsa a shekara, kuma idan ya wuce sai baɗi. Saboda haka ƙungiyar da ke son zuwa kallonsa daga Damagaram, ko ta ƴan kasuwa ce, ko ta malamai, ko ta mata masu adashe, ya kamata ta fara tsayar da makon da take son kasancewa a can, sannan ta ƙirga watanni baya domin ta san ranar da za ta soma shiri.

Wurin da aka fi zuwa shi ne lambun Keukenhof da ke garin Lisse a ƙasar Holand, tsakanin biranen Harlem da Laiden. An fara buɗe shi ga jama'a a shekarar 1950, faɗinsa hekta 32 ne, kuma kowace shekara ana dasa ƙwayayen furanni kusan miliyan 7 a cikinsa da hannu. Mako takwas kawai yake a buɗe, daga wajen ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Mayu. Waɗanda suka je a makonnin farko sukan tarar da wasu furanni sun buɗe amma tulip na fili bai kankama ba, waɗanda suka makara kuma sukan tarar manoma sun riga sun yanke kawunan furen a gonaki, domin ƙwayar da ke ƙasa ita ce hajarsu, kuma yanke furen ne ke sa ta yi ƙiba. Mafi dacewa shi ne daga tsakiyar Afrilu zuwa kwanakinsa na ƙarshe, ko da yake sanyin shekara yakan matso da lokacin gaba ko baya. A kula da ranar 27 ga Afrilu, ranar bikin Sarkin Holand, da kuma Asabar ɗin da ake jerin gwanon motocin furanni daga Nodwaik zuwa Harlem, domin a waɗannan ranaku hanyoyi suna cushewa, masauki kuma yana tsada.

Babban aikin yana wajen biza, kuma a nan ne yawancin shiri ke wargajewa. Holand tana cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, kuma ko da mutum ashirin za su tafi tare, kowa da takardunsa, kowa kuma sai ya je da kansa an ɗauki zanen yatsunsa. Doka ta yarda a shigar da takardu tun watanni 6 kafin tafiya, don haka mai son Afrilu ya fara tun Nuwamba ko Disamba. Kuɗin biza ga babba yuro 90 ne, wato kusan jika 59 na sefa, kuma ba a mayar da shi idan an hana mutum. Ana buƙatar fasfo da zai rage da aƙalla watanni 3 bayan ranar dawowa, da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, da takardar banki, da shaidar aiki ko kasuwanci da ke nuna mutum yana da abin da zai dawo dominsa. Tun da ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe a watan Janairun 2024, hanyoyin neman biza sun sauya, saboda haka a wakilta mutum ɗaya mai jin Faransanci ko Turanci ya bincika a shafin intanet na gwamnatin Holand inda ƴan Nijar ke kai takardunsu, kafin kowa ya kashe ko dala.

Maganar kuɗi a gama ta a zama ɗaya, a rubuce, gaban shaidu. A zaɓi ma'aji daban da jagora, a kuma amince tun farko a kan abin da za a yi idan an ba wasu biza an hana wasu: shin za a tafi a bar su, kuma me za a mayar musu daga cikin abin da suka zuba? Tambayar tana da nauyin faɗa tsakanin mutanen da ke jin kunyar juna, amma gara a yi ta a zauren Alhaji tun ana raha da a yi ta bayan an sayi tikiti. Domin wannan dalili, kada a biya kuɗin jirgi ko na masauki irin wanda ba a mayarwa sai biza ta fito. Ƙungiya kuma kada ta yi yawa. Mutum goma zuwa goma sha biyar sun isa jagora ɗaya ya ƙirga a tashar jirgin ƙasa.

Daga Damagaram zuwa Yamai tafiyar kusan kilomita 900 ce a mota, don haka a isa da kwana ɗaya ko biyu kafin tashin jirgi. Filin jirgin Shifol na Amsadam bai fi tafiyar rabin awa zuwa Lisse ba, kuma akwai bas na musamman a lokacin furanni. A ganina kwana a Laiden ko Harlem ya fi kwana a Amsadam, domin sun fi kusa da gonakin, kuma akwai masallatai da shagunan Turkawa da ƴan Maroko masu sayar da naman halal.

Tikitin shiga lambun ana sayensa ta intanet da rana da sa'a, kuma ga ƙungiya wajibi ne a saye shi tare domin kada a raba ta. Sama da mutum miliyan ɗaya ke shiga cikin makonni takwas ɗin nan, saboda haka a zaɓi Litinin zuwa Laraba, a kuma isa da ƙarfe takwas na safe lokacin buɗe ƙofa. Awa uku zuwa huɗu sun isa. A nuna wa kowa wuri ɗaya na haɗuwa, misali gindin injin iskan nan da ke gefen lambun, wanda daga kansa ake hango gonaki, a kuma gyara agogo, domin a Afrilu Holand tana gaban Nijar da awa ɗaya. Dattawan da ba sa iya doguwar tafiya a nema musu keken turawa tun kafin ranar.

Gonakin da ake gani a hotuna, layi ja, layi rawaya har iya ganin ido, suna wajen lambun, kuma na manoma ne masu zaman kansu. Ana zagaya su da keken haya ko a ƙaramin jirgin ruwa, amma ba a shiga cikin layukan. Kamar yadda ba wanda zai yarda baƙo ya ratsa masa gonar gero don ɗaukar hoto, haka manomin can, ga shi kuma takalmi yana iya ɗauko cutar shuka daga wata gona zuwa wata.

Sanyi yakan ba mutanenmu mamaki. A lokacin da zafin Damagaram ke haura digiri 40, can da rana yakan tsaya wajen 13 ko 14, ga iska daga teku, ga yayyafi. Rigar sanyi mai kauri a ƙarƙashin babbar riga ko hijabi, da safa, da takalmi rufaffe, sun fi kowane ado amfani. A kuma bar kilishi da cuku a gida, domin dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko kayan madara. Dabino kuwa an yarda da shi. Ma'aji ya riƙe katin banki mai aiki a waje, saboda wurare da yawa ba sa karɓar tsabar kuɗi.

Za a ga ƙwayayen tulip ana sayarwa a shaguna, amma kada a ɓata kuɗi a kansu, domin sai sun yi makonni da dama a cikin sanyi mai tsanani kafin su yi fure, kuma hunturunmu bai kai haka ba. Idan kuwa bizar Shengen ta gagara, birnin Istanbul na ƙasar Turkiyya yana bikin tulip kowane watan Afrilu, inda ake shuka miliyoyi a lambunan Emirgan da Gulhane, shiga kuma kyauta ne. Daga daular Usmaniyya ma furen ya isa Turai a ƙarni na 16, kuma ƙungiya za ta iya haɗa kallon furanni da ziyarar manyan masallatan birnin da kasuwanninsa a tafiya ɗaya.