Yadda Ake Kwantar da Jaririn da Ya Fara Juyi

Yawanci jariri kan fara juyi tsakanin wata 4 zuwa 6.

1. Dare ko rana, ki kwantar da shi rigingine har ya cika shekara 1. Kwanciyar gefe ba ta da tabbas, da ya motsa sai ya kife.

2. Ranar da kika ga yana yunƙurin juyi, ki daina naɗe shi da zani. Idan ya kife hannuwa a ɗaure, da me zai ɗago kai?

3. Shimfiɗa ta zama mai tauri: katifar da ba ta lotsawa, ko tabarma da zani ɗaya a miƙe. Ki kwashe matashi da bargo. Tokare yaro da filo don kada ya juya kuskure ne, filon ne zai toshe masa hanci. Kada a bar rami tsakanin katifa da bango, gidan sauro kuma a cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa.

4. In yana kifewa yana komawa da kansa, ki ƙyale shi. In kifewar kawai ya iya, ki mayar da shi.

5. Da hunturu, riga mai kauri ta fi lulluɓi. A fitar da kaskon wuta kafin a rufe ƙofa.