Darasi na Tara: Dawowa Gida Bayan Dashen Ɓargo

Duk wanda ya taɓa fasa ƙashi a miya ya tsotse abin da ke ciki ya san ɓargo. A cikin ɓargon nan ne jiki ke ƙera jini. Can jajayen ƙwayoyi ke fitowa, masu kai iska ko'ina a jiki. Can fararen ke fitowa, su ne sojojin da ke yaƙar cuta. Akwai kuma na uku, masu tsayar da jini idan mutum ya yanke.

Idan ɓargo ya lalace, ko aka haifi mutum da wanda ke ƙera jini mara kyau, likitoci kan sauya masa da na wani. Ana yi wa masu sankarar jini, ana yi wa masu sikila, wato amosanin jini. A wajenmu an fi jin labarinsa a kan sikila, domin ana ƙiyasta cewa kowace shekara ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita a Najeriya. A 2011 aka fara yin dashen cikin nasara a ƙasar nan, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, kan wani yaro mai sikila da ɗan'uwansa ya ba shi ɓargo. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ya soma nasa a 2024. Har yanzu iyalai da yawa Indiya suke zuwa, bayan sun sayar da gona ko gida.

Ba a fasa ƙashin majinyaci. Ta jijiya ake sa masa sabon ɓargon, kamar ƙarin jini. Amma kafin nan sai an ba shi magunguna masu ƙarfi sun kashe tsohon, kuma tare da tsohon garkuwar jikinsa ke tafiya. Sabon yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin ya fara aiki. Garkuwa kuwa sai ta yi shekara ko fiye kafin ta koma daidai. Don haka ranar da aka sallame shi, yana tafiya da ƙafarsa, yana dariya, amma murar da za ta yi maka kwana uku ta tafi tana iya kwantar da shi a asibiti.

Jegon kwana ɗari

Mun san jego. Ana killace mai haihuwa kwana arba'in, a dafa mata ruwa, a zaɓa mata abinci, ba wanda ke jin haushi. To ku ɗauki wannan a matsayin jego na kwana 100. Likitoci suna kiran ranar dashe rana ta sifili, washegari rana ta 1, haka har 100. Waɗannan kwanaki su ne mafi haɗari, kuma sau da yawa ana so majinyaci ya yi su kusa da asibitin da aka yi aikin. Ko bayan ya wuce su, likita ne zai faɗi abin da za a sassauta, ba ƙwarin da ake gani a jikinsa ba.

Kafin ku baro asibiti, ku karɓi takardar da ta bayyana duk abin da aka yi da magungunan da aka rubuta. Ku nemi lambar wayar da ake ɗauka dare da rana. Ku kuma san likitan jinin da zai ci gaba da duba shi a kusa da ku, kamar a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Kada ku bari sai dare ya yi, jiki ya rikice, sannan ku fara tambayar ina za a je.

Masu dubiya

Nan ne wuyar take, kuma nan zan fi daɗewa. Mu mutane ne masu dubiya. Aka ce wane ya dawo daga asibiti, kafin la'asar takalma sun cika ƙofar ɗaki. Kowa da kwanonsa, kowa yana so ya kama hannu ya ce sannu. Ƙauna ce tsantsa, Allah ya saka. Sai dai cikin mutum ashirin da suka shigo, da wuya a rasa mai mura, ko mai tari, ko wadda ta baro yaro a gida da ƙyanda ko ƙarambau. Ba su sani ba, ba kuma da nufi ba.

Saboda haka a zaɓi mutum ɗaya mai faɗa a ji, mai sanyin baki, ya zama shi ke tarar baƙi a zaure ko tsakar gida. Ku karanta wannan hira bibbiyu:

"Salamu alaikum. Ina mai jikin? Mun ji an dawo."

"Wa alaikumus salam. Sannu da zuwa, Gwaggo. Jiki alhamdu lillahi. Yana ɗaki, sai dai likita ya hana shiga."

"Haba ɗan nan! Ni ce fa. A hannuna aka yanke masa cibi."

"Wallahi na sani, Gwaggo. Ni kaina da na haife shi, sai na wanke hannu na rufe hanci nake shiga. Zo ta taga ki gan shi, ki sa masa albarka."

Kun ga bai kore ta ba, bai kuma bar ta ta shiga ba. Gwaggo za ta iya yin fushin kwana biyu, za ta huce. An ce zumunci a ƙafa yake, amma a waɗannan watanni a mayar da shi waya. Addu'a tana isa daga ko'ina aka yi ta.

Shi ma majinyacin zai haƙura da cunkoso: kasuwa, biki, suna, motar haya da ta cika, makaranta, har sallar jam'i sai likita ya yarda. Addini ya yi wa mara lafiya rangwame a nan, haka ma a azumi. In zai je asibiti, ya sa takunkumin rufe baki da hanci. 'Yan gida kuwa, wanke hannu da sabulu ya zama musu jiki: kafin shiga ɗakinsa, kafin taɓa abincinsa, bayan fitowa daga bayi. Wanda ya kamu da mura a gidan ya nisanci ɗakin har ya warke.

Wani abu da ba kowa ke tunawa da shi ba: masu ɗigon foliyo da ke bi gida gida. Rigakafin yana da kyau ƙwarai ga yaranmu. Amma na ɗigawa a baki yana ɗauke da ƙwayar cutar da aka raunana, kuma tana fita a kashin yaro na makonni. Ga mai rauni irin wannan, abin a kula ne. Ku tambayi likita tun da wuri, domin akwai na allura.

Ci da sha

Dokar gajeriya ce: a dafa a gida, ya dahu sosai, a ci da zafinsa. Tuwo da miya, shinkafa, fate, kunu, naman da ya dahu luguf, ƙwan da ya dahu har tsakiya, duk babu laifi. Ɗumamen da ya kwana a waje babu wuta, a bar wa masu lafiya. Haka tsire da balangu na bakin titi, da kilishi, da awarar talla, da zoɓo ko kunun aya na ƙulli. Fura da nono ma sai an haƙura, tunda ba kullum ake tafasa madarar ba, kuma ba ka san ruwan da aka dama da shi ba. Ɗanyen ganye irin latas da kabeji sai an tambayi likita. Ayaba da lemo sun fi sauƙi: a wanke bayansu, a ɓare da hannu mai tsabta.

Ya samu kwanonsa, cokalinsa da kofinsa. Cin abinci a kwano ɗaya da yara sai nan gaba.

Ruwan sha a tafasa shi, a bar shi yana ɓararraka minti ɗaya cur, a zuba a mazubi mai murfi, a sake sabo kullum. Kada a ɗebo masa daga randar da kowa ke tsoma moɗa. Da wannan ruwan zai kurkure baki, da shi zai yi alwala.

Ƙura da dabbobi

A cikin ƙura da ruɓaɓɓen ciyayi akwai wata irin funfuna da ido ba ya gani. Mai lafiya yana shaƙarta kullum ba ta yi masa komai. Ga wanda aka yi wa dashe, tana iya kama huhu. Don haka a daina shara yana ɗaki, a riƙa gogewa da jiƙaƙƙen tsumma. Lokacin hunturu a rufe taga. Kada ya tsaya inda ake gini ko rushe katanga, ko sussuka da shiƙa. Akurkin kaji, ɗakin tattabaru da turken awaki ba wurinsa ba ne. Ya kwana cikin gidan sauro kullum. In zai fita rana ya rufe jikinsa, domin haskenta yana iya tayar masa da ciwon fata.

Magani

Idan ɓargon na wani ne, sabbin sojojin suna iya ɗaukar jikin da suka shiga a matsayin baƙo, su far masa. Shi ya sa ake ba da maganin kwantar da su, kamar siklosforin ko takrolimus. Yawanci sau biyu ake sha a rana, awa 12 tsakani. In ƙarfe 8 na safe ne, to ƙarfe 8 na dare ne, ba "bayan isha'i" ba. A sa ƙararrawar waya. Ranar da za a auna yawan maganin a jini, akan ce kada a sha na safe sai an ɗebi jinin, don haka a tafi da shi a jaka. In ya yi amai bayan ya sha, a kira asibiti, kada a ƙara wani da ka.

Kada a bari magani ya ƙare. In saura na mako ɗaya, a fara nema. Ina roƙonku kuma, da babbar murya: babu jiƙo, babu sassaƙe, babu tsimi, babu ƙwayar kemis da likitansa bai sani ba. Za a kawo muku, da kyakkyawar niyya. Wasunsu suna rage ƙarfin maganin dashe, wasu suna wahalar da ƙoda da hanta, waɗanda dama suna ɗauke da kaya.

Idan an sallame shi da siririn bututun da ake sa masa magani ta cikinsa a ƙirji, kada ruwa ya taɓa wurin, kada kowa ya buɗe shi sai wanda aka koya wa.

Yaushe ake gudu asibiti

Ku sayi ma'aunin zafin jiki, kowane babba a gidan ya iya karanta shi. Idan ya nuna 38 ko fiye, a kira asibiti nan take, ko da ƙarfe 2 na dare ne. Kada a ce maleriya ce, bari a gani zuwa safe. Kada a ba shi farasitamol kafin a auna, domin yana ɓoye zazzaɓi, cutar kuwa tana can tana ci. A irin wannan jiki, awa ɗaya ma lokaci ne mai yawa.

Haka za a yi idan yana rawar ɗari ko da jikin bai yi zafi ba, ko numfashi ya yi masa wuya, ko jini ya ƙi tsayawa a hanci ko dasashi. Ku duba tafin hannunsa da tafin ƙafarsa kowace safiya: ƙuraje ko ja ko ƙaiƙayi a nan na iya zama alamar sabon ɓargo ya fara faɗa da jiki. Gudawa mai yawa da ido ya yi rawaya kamar mai shawara su ma alamu ne. In ta kai ga ƙarin jini a wani asibiti, a nuna musu takardarsa, domin jinin da ake ba shi sai an yi masa shiri na musamman, kuma rukunin jininsa yana iya komawa na wanda ya ba shi ɓargo.

Allurar rigakafin da aka yi masa yana yaro ta tafi tare da tsohon ɓargo. Za a sake masa daga fari, galibi bayan wata 6 zuwa 12. Ta ƙyanda takan jira shekara 2.

Ga masu sikila, a riƙe wannan: dashe ya gyara jininsa, amma bai sauya abin da zai gadar wa 'ya'yansa ba. In lokacin aure ya zo, a faɗa wa dangin da za a haɗa zuri'a da su gaskiya, a yi gwaji, a nemi shawarar likita.

Ita ma mai jinya a tausaya mata. Uwar da ta yi watanni tana kwana a kujerar asibiti, ta dawo tana tafasa ruwa tana ƙirga ƙwayoyi, tana bukatar wanda zai karɓe ta ta yi barci. Mai son taimakawa da gaske ya ɗauke mata wanki, ko cefane, ko kuɗin motar zuwa asibiti.

Aikin aji

1. Rubuta waɗannan kalmomi sau uku: ɓargo, garkuwa, zazzaɓi, dubiya.

2. Ma'auni ya nuna 37.2 da safe, ya nuna 38.4 da dare. Wanne ne na kiran asibiti?

3. An sha magani ƙarfe 7 na safe. Ƙarfe nawa za a sha na biyu?

4. An yi dashe ranar 1 ga Maris. Ɗauki kalanda ka ƙirga, ka ga ko rana ta 100 ta faɗa 9 ga Yuni.

5. Rubuta sanarwa ta layi biyu da za a manna a ƙofar ɗaki, wadda baƙo zai karanta ya tsaya, ba tare da ransa ya ɓaci ba. Kowa ya karanta wa aji tasa.